Na Ƙona Fulawa a Tukunyar Uwar Verna

Masu karatu, ina gaisuwa. Har da ke da kika rubuta a ƙarƙashin labarina cewa tsoho mai shekara saba'in da huɗu ya je ya nemi cikawa da kyau ya bar zancen soyayya. Na ji, waya ta karanta mini. Ki kai shekaruna tukuna da haƙoranki cif a bakinki kamar yadda nawa suke, sannan mu yi magana.

Ga wanda yau ya fara shigowa, sunana Clovis Pitre. A bakin ruwa aka haife ni, can ƙarshen Louisiana ta Amurka inda kwalta take ƙarewa sai fadama sai teku. Shekara sittin da biyar ina kamun jatan lande. Aji uku na yi a makaranta, ubana ya zo ya ciro ni ya ce jirgi ya fi malami buƙatata, shi ya sa ni nake magana waya take rubutawa. Guguwa biyar ta same ni a garin nan, ba wadda ta ga ƙeyata. Ɗaya ta bar ni kwana biyu cur a kan bishiya. Injin jan raga ya cinye mini yatsu biyu, na ɗaure wurin da tsumma na ƙarasa aikin ranar. Ba fariya ba ce, ku zo ku tambaya.

Amma yau ba jarunta na kawo muku ba. Yau zan gaya muku yadda na kusa rasa Verna da bakina.

Verna Dardar shekararta sittin da tara, mijinta ya rasu shekara shida ke nan. 'Yar gajeriya ce, furfura fat, ga ido kamar na shaho. Ba ta dariya sai abu ya cancanta, kuma ni kaɗai na taɓa sa ta dariya sau uku a zama ɗaya. Shekara ɗaya da wata biyu ina zuwa hira gidanta duk Talata da Juma'a. Gidan nata a kan dogayen ginshiƙai yake kamar na kowa a nan saboda ambaliya, matakala ashirin da biyu, kuma da wannan gwiwar tawa nake hawansu. Ɗanta guda ɗaya, Troy, yana Houston. Tun bara yake matsa mata ta tattara ta koma wurinsa, ita kuma tana ce masa tana tunani. Ni na san abin da take tunanin. Abin yana sa farin takalmin roba, yana da yatsu takwas.

Lahadin da ta wuce ita ce ranar da Fada, limamin cocinmu, yake sa wa jirage albarka kafin a buɗe kamun bana. An yi wa jirage ado da tutoci, Fada ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana yayyafa ruwa, daga nan kowane dangi ya koma ƙarƙashin gidansa a ci a sha. Tun ranar Juma'a Verna ta ce mini, "Clovis, bana kai za ka dafa mana miyar gumbo." Ta shiga ciki ta fito rungume da tukunyar ƙarfe ta uwarta, baƙa wuluk, nauyinta ya kai na ɗan akuya.

"Ko Troy ban taɓa bari ya ɗora ta a wuta ba," in ji ta. "Ka riƙe ta da hannu biyu."

A wurinmu idan mace ta miƙa maka tukunyar uwarta, ta gama tata maganar, saura taka. Na koma gida na ciro zoben uwata daga cikin gwangwanin kofi, na ƙunshe shi a hankici. Shirina shi ne, in kowa ya lashe kwanonsa, in miƙe a gaban ɗanta da danginta in nemi aurenta.

Gumbo kuwa, ko yaro ya san ransa yana cikin suyar fulawa. Mai da fulawa, wuta daidai, cokalin katako, ka yi ta juyawa minti arba'in da biyar ba ɗaga hannu. Daga fari ta koma ruwan ƙuli, ta koma jan ƙasa, har ta yi duhun kofi. Sai ta kai nan ake zuba albasa da kuɓewa da ƙaguwa da jatan lande. Uwata doka ɗaya ta koya mini ina ɗan shekara goma sha huɗu: "In ka ga ɗigon baƙi a ciki, ta mutu. Ba barkono, ba addu'a. Zubar, wanke, sake."

Mutum talatin ne a ƙarƙashin gidan Verna ranar. Na ɗora tukunya, na gaya wa kowa cewa shekara sittin ina suyar fulawa ban taɓa ƙona ta ba. Gaskiya ne kuwa, a lokacin. Sai abokina Nolan Cheramie, wanda tare muka yi wasan ƙasa, ya ce, "Kyaftin, Troy bai taɓa jin labarin bishiya ba."

Ƙarya yake, Troy ya ji sau huɗu. Amma ni in aka ce bishiya, jikina har tsuma yake. Na fara. Na kawo wurin da ruwa ya kai mini wuya, na kawo wurin da maciji ya hau reshen da nake kai muka yi kallon kallo. To shi macijin nan ba ya nunuwa da hannu ɗaya. Na saki cokali. Na rantse muku bai fi ƙiftawar ido goma ba.

Da na waiwaya, ga su nan. Ɗigo-ɗigon baƙi kamar kashin ƙuda. Hancina ma ya gaya mini.

Ba wanda ya gani sai ni. Na ji muryar uwata sarai a kunnena, zubar, wanke, sake. Na dubi mutum talatin da na gama yi wa alfahari. Na dubi Troy da ya harɗe hannuwa yana kallona. Sai na kwashi albasa na antaya, na ƙara barkono, na ƙara tafarnuwa, na ce a raina ai ƙaguwa za ta rufa asiri.

Ba ta rufa ba. Aka zuba wa kowa a kan shinkafa, ba ka jin komai sai ƙarar cokula ana ajiyewa. Troy ya kurɓi ruwa, ya ce cikin ladabin nan nasa mai ciwo, "Mista Clovis, haka ake yinsa a zamaninku?"

"Kyaftin," in ji Nolan, "wannan gumbo ne ko kwaltar liƙe jirgi?"

Aka fashe da dariya. Da a nan na tsaya, na yi dariyar tare da su, da yanzu labarin biki nake ba ku. Amma baki shi ke yanka wuya. Na ji kaina ina cewa, da ƙarfi kuwa, "Ba hannuna ba ne, tukunyar ce! Ta tsufa, gindinta ya cinye, gefe guda take kama wuta. Wa yake girki a irin wannan tarkace?"

Dariya ta ɗauke. Verna ba ta ɗaga murya ba. Ta zo ta sa tsumma biyu ta ɗauki tukunyar da zafinta, ta kai bakin ruwa ta tuttule. Na miƙa hannu zan taya ta, ta yi mini wani kallo da ya sa na mayar da hannun aljihu. Ita kaɗai ta hau matakala ashirin da biyu da wannan nauyin. Da ta kai sama ta leƙo ta ce, "Troy, na gama tunani. Ka zo da babbar mota ranar Asabar."

Kwana uku na yi a gida ban ko leƙa jirgina ba. Na zauna a kujerar lilo da rigar barci, ga zobe a kan tebur kusa da kwalbar maganin gwiwa, ina ta maimaita abin a kaina. Da ban saki cokali ba. Da Nolan bai tsokane ni ba. Da, da, da. Na aika mata saƙon murya uku. Na farko na ce iska ce ta kaɗa wutar. Na biyu na ce man da aka sayo ba mai kyau ba ne. Na uku na ce ai kowa yana kuskure. Duk ukun alamar ta koma shuɗiya, wato ta ji, amma shiru.

Ranar Laraba da safe waya ta yi ƙara. Rubutu ta aiko, ba murya ba, alhali ta san ni da rubutu ba ma ga maciji. Na danna, wayar ta karanta mini da muryarta ta ƙarfe: "Tukunyar uwata ta ciyar da mutum goma sha ɗaya shekara hamsin. Ba ta taɓa ƙona komai ba, kuma ba ta taɓa yi wa kowa ƙarya ba."

Sau shida na sa aka karanta mini.

Ban gama haɗiye wannan ba sai ga kiran 'yata Darlene, wadda take aikin jinya a Lafayette. Ita ma shekara biyu ke nan tana so ta kwashe ni.

"Papa, matar Kawu Nolan ta gaya mini komai. An ce ka manta da abinci a kan wuta."

"Matar Nolan da bakinta ya fi na rediyo."

"Papa, haka abin yake farawa, ina ganinsu kullum a asibiti. Yau tukunya ce, gobe gidan ne gaba ɗaya. Na gyara maka ɗakin baya, na sa labule sabo, har talabijin na sa. Ka zo mu ga likita. Ba laifinka ba ne, tsufa ne."

Ku ji fa, masu karatu. Ga wata ƙofa an buɗe mini a sauƙaƙe. In ce tsufa ne, kowa ya tausaya mini, har Verna ma ƙila ta yafe. Na ɗora wa tukunya, na ɗora wa iska, na ɗora wa mai, saura tsufa. Na buɗe baki zan karɓa, sai na ji ɗacin gumbon nan ya dawo mini a harshe.

"Darlene, ban manta da komai ba. Surutu nake yi na saki cokali. Na ga ta ƙone da idona na rufe da albasa. Da aka kama ni na ce tukunya ce. Ni ne."



"Papa, sake faɗa."

"Ke, kada ki raina ni."

"Shekarata arba'in da shida ina 'yarka, yau na fara jin ka ce ni ne. Mama har ta rasu tana jiran wannan kalmar."

Wannan ta shige ni fiye da injin da ya ci yatsuna. Uwarta Earline shekara arba'in muka yi tare. Jirgi ya taɓa kafewa a yashi na ce ita ta cika ni da magana da safe. Na taɓa ɓatar da raga sabuwa na ce ƙaninta ne bai ɗaure daidai ba. Ta san gaskiya, na san ta sani, aka tafi a haka. Na zauna riƙe da waya, idona ya ciko, na bar shi ya zuba. Na ba shi kamar minti goma.

Daga nan na miƙe. Mu a nan in guguwa ta wuce, kwana ɗaya ake kuka, kashegari a ɗauki shebur a fara kwashe taɓo daga ɗaki. Wanda ya zauna yana lissafin abin da ruwa ya tafi da shi, ruwa na gaba a zaune zai same shi. Earline tana kabari, ba matakalar da zan hau in same ta. Verna tana nan, matakala ashirin da biyu, kuma Asabar saura kwana uku.

"Ki bar labulenki a ɗakin baya," na ce wa Darlene. "Ina da aiki."

Alhamis da sassafe na je rumfar kofi ta bakin tasha inda tsofaffin masunta suke zama. Suna hango ni suka fara toshe hanci.

"Ga sarkin girki nan! A ɓoye tukwane!"

"Ku gama," na ce. Da suka gama na ce, "Duk wanda ya ji abin da na faɗa ranar Lahadi, gobe ƙarfe goma ina nemansa a ƙarƙashin gidan Mis Verna. A gabanku na yi ƙarya, a gabanku zan janye ta. Nolan, kai kuma ka kawo mini jatan lande da ƙaguwa na safiyar goben, ba irin wanda kake sayar wa baƙi ba."

"Kyaftin, lafiya kake kuwa? Ko a kira Fada?"

"Ka kira shi ma, ya zo ya ci."

Juma'a na yi wanka da ruwan zafi, na yi aski har sau biyu. Na sa shuɗiyar rigata mai maɓallan ƙarfe, wadda na goge da kaina har hannunta ya yi kaifi, da baƙin wandon zuwa coci. Farin takalmin robana na wanke shi da buroshi har yana ɗaukar ido. Na fesa turaren da Darlene ta ba ni a Kirsimeti, na sa zobe a aljihun ƙirji na maƙale maɓalli. Na loda murhu da tulun gas a bayan a-kori-kurata, da fulawa daidai awo ɗaya. Awo ɗaya tak na ɗauka, don ko a mafarki ban kawo zan sake buƙata ba. Ku riƙe wannan.

Da na isa, mutum ya kai ashirin a ƙarƙashin gidan, har da matan da ban gayyata ba. Ga kwalaye an jera a gindin matakala, an liƙe su da salatif. Ban hau ba. Na cire hula na ɗaga kai.

"Verna!"

Ta fito baranda da koriyar rigar aikin gida, ta ɗaure kai da ɗankwali, almakashi a hannu. "Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Na zo in faɗi magana a gaban mutanen nan."

"Kai da magana ai ba sabon abu ba ne. Ina da kaya a gaba."

"Tukunyar uwarki ba ta da laifi. Ni na saki cokali ina ba da labarin maciji. Na ga ta ƙone, na rufe, na ba ku kuka ci, sannan na zagi abin da kika fi so a duniya don in tsira da girmana. Ƙarya na yi. Ni ne."

Verna ta daɗe tana kallona daga sama.

"Shi ke nan? Ba iska? Ba mai?"

"Ba iska, ba mai."

"To na ji. Sai an jima."

"Ki ara mini ita sau ɗaya. In na sake ɓata miki, ni da kaina zan taya Troy loda kaya gobe."

"Tana cikin kwali."

"Almakashi yana hannunki."

Wata daga cikin matan ta ƙyalƙyale da dariya ta toshe baki. Verna ta sauko a hankali, ta tsaya a kan wani kwali, ta yanka salatif ɗin, ta zare tsofaffin tawul, ga tukunya. Ba ta miƙo mini ba sai da ta ɗaga yatsa.

"Sharaɗi ɗaya, Clovis Pitre. Daga lokacin da fulawa ta taɓa mai har ta yi, in ka furta kalma ɗaya, ko 'wash' ce, na ɗauke abata."

"Shi?" in ji Nolan. "Minti arba'in da biyar? Mis Verna, gara ki ce ya sha ruwan tekun nan duka."

Na kunna wuta, na zuba mai, na zuba fulawa, na kama bakina.

Masu karatu, na yi kwana biyu a kan bishiya, amma ban san wahala ba sai ranar. Verna ta jawo kujera ta zauna daf da ni ta harɗe ƙafa. 'Yan banzan abokaina kuma suka ga banza ta faɗi.

"Ai ni na ji ba kwana biyu ba ne," in ji ɗaya. "Awa uku ne."

"Bishiyar ma ba ta wuce tsayin mutum ba."

"Macijin fa? An ce igiyar shanya ce."

Ina juyawa. Fulawa ta koma ruwan ƙuli. Gumi yana bin bayana, rigar da na goge ta manne. Ta koma jan ƙasa. Haƙorana sun datse har muƙamuƙina yana ciwo. Minti arba'in ya wuce, ƙamshi ya fara tashi irin na gyaɗa a kasko, duhun kofi yana shigowa. A nan ne ta fi haɗari, ko numfashi ba a so ka yi da yawa. Sai Nolan ya gyara murya.

"Ni ne fa na je da kwalekwale na sauko da shi. Na same shi rungume da reshe yana kiran uwarsa. Mama, Mama!"

Ban yi magana ba, Allah shaida ne. Amma na juya gaba ɗaya, na ɗaga cokali na nuna shi da shi, na zare masa ido irin wanda ya san ma'anarsa tun muna yara. Na riƙe kallon nan har sai da ya sunkuyar da kai. Na ji daɗi. Na waiwayo.

Ɗigo huɗu. Biyar. Ƙanana, a gefen tukunya, can wajena. Inda Verna take zaune ba za ta hango su ba. Ga albasa a yanke a kwano kusa da hannuna na dama. Ga fulawata ta ƙare. Ga alkawarin da na yi da bakina cewa zan taya Troy loda kaya. Wata murya a cikina ta ce, ɗigo biyar ne kawai, tsoho, wa zai ji?

Na kashe wuta.

Na sa tsumma biyu na ɗauki tukunyar, na ratsa ta tsakiyar mutane zuwa bakin ruwa, na tuttule ta duka. Na dawo na tsaya a gaban Verna, na nuna cikin tukunyar, na bugi ƙirjina sau biyu da hannun nan mai yatsu uku. Na durƙusa a bakin famfo na fara wankewa.

"Kada ka sa mata sabulu," in ji ta.

Na girgiza kai. Ko ni mahaukaci ne?

Na goge ta tas, na mayar kan murhu, na ɗaga jakar fulawa na zazzage ta a iska don kowa ya ga ba komai. Na tsaya. Iyakar abin da zan iya ke nan. Nolan ya cire hularsa yana murzawa, ya kasa kallona.

Verna ta miƙe. Ta bi kwalayen nan tana karanta abin da ta rubuta a jikinsu, ta tsaya a kan na ƙasa. "Nolan, tunda bakinka ya gama aiki, zo hannunka ya yi. Sauke waɗannan." Ya sauke kwali uku. Ta yanka na huɗun, ta ciro gwangwanin fulawarta mai hoton zakara, da kwalbar mai, ta dire su a gabana.

"Sake," ta ce. Ta juya ga mazan. "Duk wanda ya ƙara ambaton bishiya, ruwa zai sha yau."

Wani minti arba'in da biyar. Kafaɗata kamar ana sara, amma ko tsawa aka yi ba zan ɗaga ido ba. Ban ga kowa ba, ban ji kowa ba, daga ni sai cokali sai gindin tukunyar nan, wanda na gane ashe sumul yake kamar tafin jariri. Ta yi duhu, ta yi sheƙi, ba ɗigo ko ɗaya. Na zuba albasa ta yi ƙara, ƙamshi ya tashi har maƙwabta suka leƙo.

Da ya nuna, Verna aka fara zuba wa. Ta hura, ta kurɓa, ta rufe ido. Mutum ashirin sun riƙe numfashi.

"Gishiri ya yi kaɗan," in ji ta. Ta miƙo kwano. "Ƙara mini."

Aka ci har aka kankare gindi. Nolan kwano uku ya ci, ya zo ya dafa kafaɗata ya ce, "Kyaftin, kwana biyu ne. Ni shaida ne." Na ce masa, "Kuma na kira uwata. Kai ma da ka kira taka." Wajen la'asar kowa ya watse, aka bar mu mu biyu da kwalaye, biyu a buɗe, sauran a liƙe.

"Yanzu ka iya magana," in ji ta.

Ku yarda ko kada ku yarda, na nemi magana na rasa. Ni, Clovis.

"Na san da ɗigon nan," ta ce. "Tun kafin ka waiwayo na ji ƙaurinsu. Jira nake in ga inda hannunka zai nufa, albasa ko makunnin wuta."

"Da na nufi albasa fa?"

"Da yanzu ina liƙe kwali." Ta kakkaɓe cinyarta. "Shekara ɗaya da wata biyu kana shanye mini kofi kana ba ni labarin maciji, ba ka taɓa tambayata komai ba. Mene ne wannan da yake ta turo aljihun rigarka tun ranar Lahadi?"

Na ɓalle maɓalli, hankici ya maƙale, zobe ya faɗi ya gangara ƙarƙashin murhu. Da na durƙusa ɗauko shi gwiwa ta ƙi tashi, sai na ce to, tunda an riga an zo ƙasa. Na tambaye ta daga nan. Kalma biyar ce ko shida, mafi gajartar maganar da na taɓa yi a rayuwata.

Ta miƙo hannu na sa mata. Ya ɗan yi mata yawa, ta juya shi tana dubawa.

"Tashi kafin a kira motar asibiti," ta ce, ta kama ni ta ɗaga. "Amma ka ji. Troy ya riga ya ɗauko hayar mota, ya gyara mini ɗaki, ya gaya wa 'ya'yansa kakarsu tana zuwa. Ƙarfe takwas na safe zai iso. Ni ba zan gaya masa ba. Kai ka jawo aka kira shi, kai za ka tare shi a gindin matakala ka gaya masa da wa zan zauna. Kuma ba iska, ba mai."

Na kira Darlene a hanya na gaya mata. Ta yi ihu har na janye waya daga kunne, sannan ta ce in gaya wa Troy in yana neman wanda zai yi kuka tare da shi a kan ɗakin da aka gyara a banza, ga ta.

Yanzu haka na wanke shuɗiyar rigar tana shanye a baranda, dutsen guga yana jira. Ban ƙara tunanin Lahadi ba, na zubar da ita tare da abin da ya ƙone. Troy ya fi ni tsawo da kai guda, ya ci gumbo mafi muni a tarihin garin nan daga hannuna, kuma da kunnensa ya ji na zagi tukunyar kakarsa. Zan fara masa da kalmar da na koya ranar Laraba, wato "ni ne", sauran kuma in ya ga dama ya ɗaga murya har a ji a Houston.

Tukunyar tana kan murhuna. Ita ta ce in tafi da ita, in riƙe da hannu biyu. Ƙarfe bakwai da rabi zan kasance a gindin matakala.